ZARE: Yadda matafiyin Sakkwato ke samun kuɗin ƙasar da ya je, daga wuri zuwa sefa

1/
 Na yi alkawarin wannan zaren tun kafin jarrabawa, yau dai Allah Ya nufa. Magana ce a kan canji: idan Basakkwace ya bar ƙasarsa, ta wace hanya yake samun kuɗin mutanen da ya tarar? Daga zamanin wuri har zuwa sefa da riyal. Zaren da tsawo, a gyara zama. 🧵

2/
Abin da ya jawo shi: hutun da ya wuce na raka kawuna ta'aziyya Konni. Daga Sakkwato zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, daga Illela kuma kabu-kabu zai tsallaka da kai cikin 'yan mintuna. Harshenmu ɗaya da mutanen can, rabin danginmu ma can suke. Kuɗin aljihu ne kawai ya bambanta.

3/
Mun yi canji a Illela kafin mu shiga. Washegari da safe na fita sayen biredi da madara, na ce nawa, mai shago ya ce "ɗari na." Na miƙa masa ƙwandalar sefa 100. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce "wagga ai ashirin ta, ɗan samari. Daga Najeriya kaz zo ko?"

4/
Ashe a Nijar da dala ake ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. In an ce maka ashirin, sefa 100 ake nufi. In an ce ɗari, sefa 500. Jika ɗaya sefa 1,000. Kawu ya yi ta min dariya har muka dawo, ni kuma tambaya ta tsaya min a rai: me ya kawo dala ƙasar da kuɗin Amurka ba sa ci?

5/
Mu faro daga tushe. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. A zamanin Daular Usmaniyya da wuri ake sayen gero a kasuwar Sakkwato, da shi ake biyan haraji da sadaki. Amma fa ba a Gulbin Rima ake tsintarsa ba. Kuɗin kakanninmu daga ƙasar waje ake kawo su.

6/
Asalinsa tsibiran Maldibs ne, can cikin Tekun Indiya. Wani ya ratso Sahara a bayan raƙuma, mafi yawa kuma jiragen Turawa suka sauke a bakin teku lokacin cinikin bayi, ya hauro arewa ta ƙasar Yarbawa da Nupe. Daga shekarun 1840 Jamusawa suka fara jibgo wani iri mai araha daga Zanzibar, darajar wuri ta dinga faɗuwa.

7/
A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku. Zube shi ake yi a ƙasa, mai ƙirga ya dinga ja biyar-biyar da yatsu. Ɗari shi ne zangu, dubu zambar, dubu ashirin a ɗinke cikin tabarma keso ɗaya. Wanda ya taɓa ƙirga canjin kwabbai zai gane wahalar.

8/
Alherin wuri shi ne faɗin ƙasar da yake ci. Daga Sakkwato zuwa Kano, Bida, Ilori, Nikki, Salaga har Tumbutu, kuɗi ɗaya ne. Ba ka buƙatar ɗan canji a tsakani, sai dai daraja ta bambanta: yadda kake nisa da teku, haka wuri ke ƙara tsada. Babbar matsalarsa nauyi.

9/
Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya zo Wurno da Sakkwato a 1853. A lissafinsa wuri 2,500 ne ke sayen ƙwandalar azurfa ɗaya a Kano. Wato keso guda, kayan da ƙato zai ɗauka yana nishi, ƙwandala takwas ne kacal.

10/
Bayan shekara arba'in abin ya ƙara muni. Wani Bature, C. H. Robinson, da ya zo Kano a 1894 don nazarin Hausa, dokinsa ya kamu da ciwo a hanya amma ya kasa sayar da shi. Dalili: sai ya ɗauki 'yan dako 15 su ɗauki kuɗin dokin, kuma ladansu zai cinye kuɗin har ya nemi ciko.

11/
Shi ya sa fatake kaya suke ɗaurawa a madadin kuɗi. Ayarin Gwanja mai zuwa sayen goro zai lafta wa jakuna kanwa, rigunan saƙi, jan fatar akuya da gabu. Su ƙetare Kwara ta Yawuri ko Ilo, su ratsa Bargu, sai Salaga a arewacin Gana ta yau. Tafiyar wata da watanni, madugu na gaba.

12/
A kowane zango sai a kwance kaya kaɗan a sayar, a sami wurin sayen abinci, a biya fito, a kai wa sarkin garin gaisuwa. Kanwar da ke bayan jakinka ita ce katin ATM ɗinka, kuma tana ƙara daraja yadda kake nisa da gida. Idan an dawo, goro ne ke yin wannan aikin.

13/
Amma baƙo ba ya shiga kasuwar da bai sani ba kai tsaye. Wurin fatoma yake sauka. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan an sayi kayan bashi. La'ada yake ci, jarinsa kuma sunansa. Ku riƙe wannan mutumin, za mu sake haɗuwa da shi.

14/
Akwai ɓangaren da ba ma son faɗa, amma tarihi ne. Tunda wuri bai ɗaukuwa, manyan biyan kuɗi da bayi ake yinsu. Attajiri ko basarake zai kama doguwar hanya da bayi, duk inda guzuri ya ƙare ya sayar da ɗaya. Har a hanyar Makka an yi haka. Mutane ne masu iyaye da garuruwa aka mayar guzuri.

15/
In ka nufi gabas kuma, wuri na daina ci. Barno ba ta karɓe shi sosai ba sai ƙarshen shekarun 1840, kafin nan da gabaga ake ciniki, wato ƙyallen saƙi. Barth ya ga yadda mai son hatsi a Kukawa zai canza azurfa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya ba manomi rigar ya karɓi hatsi.

16/
Wannan azurfar da nake ta ambata ƙwandalar ƙasar Ostiriya ce mai hoton Sarauniya Maria Theresa. Matar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jiki, don ita mutane suka sani. Nauyinta kusan giram 28. Hausawa na ce mata liyari, daga riyal na Larabci.

17/
Liyari ce dalar Amurkan wancan zamani. Tana ci a Tarabulus, Barno, Wadai, Darfur, Habasha, Yaman da Hijaz. Ba sarkin da ya tilasta ta. Azurfa ce, in ba a karɓa a matsayin kuɗi ba maƙeri zai narka ta ya yi awarwaro. Mai niyyar Hajji da ke da hali ita yake tarawa ya ɗinke a ɗamara.

18/
Ga amsar tambayata ta Konni. Sunan wannan ƙwandala a Jamusanci tala, shi Ingilishi ya mayar dola, mu muka ce dala. Da Faransawa suka zo da ƙwandalar azurfa ta faran 5 mai kama da ita a girma, sai sunan ya koma kanta. Azurfar ta tafi, lissafin ya zauna har yau.

19/
A ɓangarenmu kuma dala ta zama sule biyu na Ingilishi. Haka jika: a Nijar sefa 1,000 ce, a Najeriya jaka fam 100 ce, da naira ta zo ta koma 200. Kalma ɗaya, iyaka ta raba mata ma'ana. In tsoho ya ce maka ya sayi saniya jikka goma, fara tambayarsa a wace ƙasa, a wace shekara.

20/
Akwai masu tafiyar da kuɗi ba tare da sun ɗauke shi ba tun wancan lokaci. Larabawan Gadamas suna da 'yan'uwa da wakilai a Kano, Gat, Tumbutu da Tarabulus. Ka ba wannan dukiya a nan, ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa, a biya ka a can. Barth kansa da ya tsiyace a Kano a 1854, wurinsu ya ci bashi.

21/
Malamanmu ma ba su bar zancen ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato, canjin zinari da azurfa sharaɗinsa hannu da hannu, a majalisi ɗaya, ba jinkiri. Shi ya sa har yau za ka ji ana tambayar malamai a rediyo: in na tura naira yau aka ba ni sefa gobe, ya halatta?

22/
Sai 1903. Ranar 15 ga Maris Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a da niyyar hijira, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan. Garin Mai Wurno na nan kusa da Sinnar, a bakin kogin Nilu.

23/
Wannan hanyar alhazan ƙafa suka bi shekara da shekaru: Barno, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, sai bakin Bahar Maliya a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ku ƙirga kuɗin da ke hanyar: sulen Ingilishi, faran na Faransa, fam ɗin Masar da Sudan ke amfani da shi, sai riyal.

24/
Talakan da ya bar Gwadabawa ko Rabah da 'yan sulalla, ina zai sami waɗannan kuɗaɗe huɗu? Da ƙarfinsa. Ya yi ƙwadago a gona, ya yi ga-ruwa, wanzanci, yankan farce, ɗinkin hula, ko ya koyar da yara allo. In ya tara na mota ko na raƙumi ya ƙara gaba. In ya ƙare ya sake tsayawa.

25/
Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a Sudan a 1925, mutanenmu na cikin manyan masu aikinta. Tafiyar Hajji takan ci shekaru. Wasu sun je sun dawo, wasu sun rasu a hanya, da yawa sun yi aure sun zauna. Hausawan Sudan na yau, da yawansu jikokin waɗanda suka tsaya neman guzuri ne.

26/
Kakan mahaifiyata na cikin waɗanda suka dawo. Shekara bakwai ya yi. Kaka ta ce ya bar ta tana rarrafe, ya tarar da ita tana kai wa masu noma fura. Tsarabarsa: tasbaha, ruwan zamzam da ƙwandaloli uku na ƙasashe daban-daban da ba sa ci a ko'ina a Sakkwato. Ɗaya na nan a adakarta har yau.

27/
Mu dawo gida, ga iyakar da ta sa ni jin kunya a shago. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun ɗora tsinken kamfas a kan birnin Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce nan ne iyaka. Faransawa suka ga an bar musu hanya marar ruwa, aka sake zama a 1904 da 1906 aka matso da layin kudu.

28/
Haka Konni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta zauna hannun Ingila. Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754, yau cikin Nijar take, can wajen Galmi. Wato ɗan Sakkwato da zai je ganin mahaifar Mujaddadi sai ya tsaya wurin ɗan canji tukuna. Wannan kaɗai ya isa a yi tunani a kai.

29/
Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, suka dinga matsa wa mutane su biya haraji da kuɗinsu. Sai ga anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fam. Anini goma ke kwabo ɗaya, an yi shi ƙarami ne don ya maye gurbin wuri a cefanen yau da kullum. Na farkonsa, na 1907, da gorar ruwa aka buga shi, da huda a tsakiya.

30/
A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ɗaya ta ƙasashen Ingila huɗu: Najeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya. Sule ɗaya ke ci a Sakkwato, Kumasi, Firitawun da Banjul. Ɗan kasuwar goro ko mai kai shanu Ankara ba ruwansa da canji. Kuɗin mulkin mallaka ne, ribarsa Landan take tafiya, amma ya sauƙaƙa wa matafiyi.

31/
Faransa ta ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945. Da 'yanci ya zo, ƙasashenta na yammacin Afirka mafi yawa suka riƙe kuɗinsu ɗaya, namu suka watse. Gana ta fitar da nata a 1958, Najeriya ranar 1 ga Yuli 1959, Saliyo a 1964. Kowace tuta da kuɗinta. Daga nan sana'ar canji ta samu gindin zama.

32/
Wani abin da ya ba ni mamaki: Wapa ta Fagge a Kano, babbar kasuwar canji ta Arewa, sunan kamfanin jigilar alhazai ne. WAPA, wanda Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa a ƙarshen shekarun 1940, suna kai maniyyata a mota, daga baya a jirgin sama. Inda alhazai ke taruwa, nan masu canji suka kafa tebur.

33/
Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Shekarun man fetur ne. A 1980, a farashin hukuma, naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, jikar sefa kuma ba ta kai naira uku ba. Mutanen Konni, Maraɗi da Damagaram da naira suke ajiya, ita suke so a biya su da ita.

34/
Sai Afrilun 1984. Gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira ba zato, ta rufe iyakoki, ta ba da kwana 12 a kai tsofaffi banki. Naira 5,000 kawai za a canza wa mutum, saura sai ya ajiye ya yi rantsuwar inda ya samo. Manufar ita ce a kashe kuɗin da ɓarayin gwamnati da 'yan sumoga suka fitar waje.

35/
Amma ba ɓarayi kaɗai ke da naira a waje ba. Yayan kakata manomi ne a wani ƙauye kusa da Konni. Ya kai shanu tara kasuwar Illela ya sayar, ya zuba kuɗin a akwatin ƙarfe, da niyyar sayen hatsi a Najeriya kafin damina, don ya ga alamar shekarar ba za ta yi kyau ba.

36/
Labarin canji ya iske shi iyaka na rufe. Ba shi da asusun banki, ba shi da takarda. Ya ba wani da ya san hanyar daji, aka canzo masa kaɗan, aka zaftare rabi a matsayin lada. Sauran ya mutu a akwati. Kaka in ta tuna takan ce: "Shanu tara sunka koma takarda, ko hura wuta ba ta yi da kyau."

37/
Shekarar kuma aka yi fari. Iyaka ta zauna a rufe har Maris 1986, hatsin Najeriya bai shiga yadda ya saba. Mutanen Nijar sun saba raɗa wa kowace yunwa suna, wannan suka kira ta El-Buhari. Ba siyasa nake yi ba jama'a, sunan na nan a bakin tsofaffi da cikin littattafan tarihi.

38/
A lokacin, riƙe kuɗin waje ba bisa ƙa'ida ba laifi ne babba. Fela Kuti, a Satumbar 1984, an kama shi a filin jirgin Legas zai tafi wasa Amurka, aka ce an same shi da fam 1,600 na Ingila. Aka yanke masa shekara biyar, ya fito a 1986. Guzurin tafiya ne ya zama hujjar ɗaure shi.

39/
Babangida ya kawo SAP a 1986, naira ta kama gangara. A 1989 aka fara ba 'yan canji lasisi, sana'ar da ake yi a ɓoye ta fito fili. Lissafi ya juye: sai 'yan Najeriya suka koma neman sefa su ajiye, don a lokacin tana manne da kuɗin Faransa, ba ta rawa kamar naira.

40/
Su ma ba su tsira ba. Ranar 11 ga Janairu 1994 aka sanar a Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi. Jiya sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, yau sai 100. Wanda ya kwana da jika dubu ya tashi da jika dubu, amma rabin ƙarfinta ya tafi. Tun 1999 an ɗaure ta da yuro: 655.957.

41/
Ku kwatanta: jikar sefa da ba ta kai naira uku ba a 1980, a 2024 ta haura naira 2,000. Shi ya sa yanzu 'yan Nijar ke shigowa kasuwar Illela ranar Lahadi da Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato su yi lodi, kayanmu sun yi musu araha. Mu kuma in mun shiga can, shayi da biredi sai ka yi lissafi.

42/
Abin da ya sami yayan kakata mun gani da idonmu. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin 200, 500 da 1,000. Farkon 2023 tsofaffi ba sa karɓuwa, sababbi ba sa samuwa. A garuruwan bakin iyaka 'yan Najeriya suka koma ciniki da sefa a cikin ƙasarsu.

43/
Bayan wata biyar, juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake datse Illela da Konni har Maris 2024. Duk wannan lokacin mutane ba su daina aure, jinya da ta'aziyya a tsakaninsu ba. Kuɗi kuma bai daina tsallakawa ba. Ta hannun wa?

44/
Ta hannun jikan fatoma. Yau in za ka Yamai, Agadas, Alƙahira ko Makka, ka tura wa ɗan canji naira ta waya, ya ga alat, ya kira abokin hulɗarsa a can ya ce a ba wane kaza. Ba rasit, ba sa hannu. Abin da Bagadamashe ke yi da wasiƙa a bayan raƙumi, shi ake yi da WhatsApp.

45/
Hanyar hukuma kuwa kullum cikin sauyi take. A Yulin 2021 Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji dala. Zuwa ƙarshen 2022 katin naira ya daina aiki a waje a yawancin bankuna, sai tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. A Maris 2024 an soke lasisin 'yan canji sama da 4,000 a rana ɗaya.

46/
Ɗalibanmu da ke karatu a waje sun fi kowa sanin wannan. A lokacin, uba na da naira a banki, ɗa na can da kati a hannu, amma ba abin da zai saya da shi. A ƙarshe wani Alhaji da ke zaune a bakin kasuwa da jaka da waya biyu shi ke biyan kuɗin makarantar da na haya.

47/
Alhazan yau kuma guzuri ake ba su da dalar Amurka, a 2024 dala 500. Riyal a ɗaure take, 3.75 a kowace dala tun 1986, wato riyal 1,875 ke nan. Haɗarin yana wurin tsohon da bai taɓa riƙe dala ba: takardar 1 da ta 100 girmansu ɗaya. Kusan duk shekara sai an ji wanda "mai taimako" ya musanya wa.

48/
In kana da tsoho mai tafiya bana, zauna da shi ka nuna masa takardun ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta masa nawa ya kamata a ba shi a kowace ɗari. Ya canza a shagon canji mai lasisi ko tare da jami'in da ya sani, ya ƙirga a gaban mai shagon. Kada ya miƙa wa wanda ya tare shi a hanya, ko da Hausa ya yi masa sallama.

49/
Ban ce 'yan canji waliyyai ba ne. Akwai mai cusa jabu, akwai mai cin ribar rashin saninka, akwai wanda ya gudu da kuɗin mutane. Fatoma ma a zamaninsa akwai macuci. Abin da ke riƙe sana'ar shi ne an san gidan mutum da ubansa, in ya ci amana sau ɗaya kasuwa ta rufe masa. Shi ya sa ba a canji da baƙon fuska.

50/
An daɗe ana mana alkawarin kuɗin bai ɗaya na ECOWAS, wato Eco. An sa rana an ɗaga ba sau ɗaya ba, yanzu an ce 2027. Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake har yanzu sefa suke kashewa. Ɗan canjin Illela dai bai da shirin tashi.

51/
Abin da na fahimta daga duk wannan: masu mulki ke buga kuɗi su shata masa iyaka, amma tun zamanin wuri mutum ne ke tsallakar da matafiyi, da sunansa da amanarsa. Kuma duk ranar da aka sauya kuɗi da sanarwar dare ɗaya, a 1984 ko 1994 ko 2023, mai shanu tara ne ke biya. Manya sun san inda suke ajiya.

52/
Duk mai shirin taɓa naira nan gaba ya tuna akwai miliyoyin mutane daga Kamba zuwa Illela, Jibiya da Maigatari da rayuwarsu ke tafiya da kuɗi biyu, da yawansu ba su da asusun banki. A ba su lokaci, a kai musu wurin canji kusa. Ba alfarma ba ce, guminsu ne.

53/
Nan zan tsaya. Wanda kakansa ya yi Hajjin ƙafa, ko gidansu ya yi asara a canjin 84, ya ba mu labari a ƙasa, ina son tattarawa. 'Yan'uwa na Nijar ku gyara min in na karkace a lissafin dala. Kuma in kun shiga Konni aka ce muku "ɗari na", kun dai ji abin da ya same ni. Allah Ya sa mu dace.